Kafin Ka Biya Kuɗin Gidan Nan, Wa Ya Duba Maka Shi?

Rubutun nan yana da ɗan tsawo. Mai sauri ya ajiye shi sai ya natsu, amma duk wanda yake tara kuɗin sayen gida, ko yake jiran giratuti ya saya, don Allah ya daure ya karanta.

Shekaranjiya a ofis wani babban yayanmu, saura masa wata bakwai ya ajiye aiki, ya shigo da fara'arsa ya ce ya samu gida. Bene ne hawa ɗaya, sabon fenti, tayil har tsakar gida. Ya ce ƙaninsa da yake zaune a Amurka ya gargaɗe shi kada ya biya ko kwabo sai ya kira mai duba gida, irin wanda suke kira can kafin ciniki ya faɗa. Har ya samo wani matashi a Instagram, da hular kwano da riga mai ƙyalli, wanda zai zo ya zagaya ya ba shi rahoto mai hotuna. Wani abokin aikinmu ya ce wannan ɓarnar kuɗi ce, akwai birkilan da ya yi masa katanga, shekara 30 yana gini, a kai shi ya gani a ba shi na cefane. Ni kuma na ce, Yallaɓai, a kan bene duka biyun ba su isa ba, ka nemi injiniyan gini mai rajista. Nan musu ya kaure har aka kira azahar. An ce ina da ƙaƙale. An ce 'yan boko ne kawai ke nema wa juna abinci. Shi ya sa na ce bari in zo nan in baje maganar a faifai, don a ofis ba a bari mutum ya kai aya.

Bari in fara da abin da ya faru da ni, don kar a ce a takarda na karanto.

A 2018 na haɗa kuɗin adashin ofis da na wani fili da na sayar, na fita neman gida a nan Kano. Dillali ya kai ni wani bene a wata sabuwar unguwa ta bayan gari, naira miliyan 14. Wallahi ina shiga na ji ya kwanta mini. Silin na zamani, fitilu kala-kala, ƙofofin ƙarfe masu nauyi. Na ce ina so a duba mini ginin. Dillalin ya ce, "Haba Alhaji, ai wannan ba matsala ba ce, muna da injiniya." Bayan minti 20 sai ga wani bawan Allah a kan babur, da awo a aljihu. Ya ciro makullin babur ɗinsa ya ƙwanƙwasa bango nan da can, ya hau sama ya yi tsalle sau biyu a tsakiyar ɗaki, ya sauko ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ginin jikokinka ma za su gaji da shi." Na ba shi 5,000. A ranar na ajiye 500,000 kafin alƙalami. Ni da digirina, ni da nake mayar da fayil saboda an manta kwanan wata a takarda guda.

Uwargida ce ta cece ni. Da na kai ta ganin gida, ba ta kalli fitilu ba. Ta je ta rufe ƙofar ɗakin da ke kusurwar gabas, ƙofa ta ƙi rufuwa. Ta gwada tagar ɗakin, ita ma tana cijewa. Ta ce, "Malam, sabon gida ne ƙofarsa take haka?" Na ce aikin mai walda ne, za a gyara. Ta yi shiru, irin shirun nan da ke hana mutum barci. Washegari na kira wani abokina da muka yi jami'a tare, shi ya karanci injiniyancin gine-gine.

Abin mamaki, da ya zo bai fara shiga gidan ba. Ya tsaya a waje ya kalli layin, ya kalli yadda ƙasa ta gangaro daga ko'ina zuwa wajen. Ya tsallaka wurin wani dattijo mai sayar da itace ya gaishe shi, ya tambaye shi me ke wurin nan kafin a yi gini. Dattijon ya ce kududdufi ne, nan yara suke kamun kifi da damina, da shara aka cike shi sannan aka bi da jar ƙasa. Sai abokina ya shiga ciki ya shafa bangon kusurwar gabas ya nuna mini inda filasta ta bambanta da sauran, an yi sabuwa a karkace tun daga kusurwar taga har ƙasa. Ya zagaya baya, inda ba a damu a yi fenti ba, sai ga tsagar nan tana bin layin bulo kamar matattakala, ta fi faɗi a sama. Ya zuba ruwa a tayil, ruwa ya gudu kusurwar. Ya hau can sama inda aka bar kawunan rodi a waje don ƙarin hawa nan gaba, ya auna, ya ce, "Mutumina, rodi mai milimita 10 ne a cikin ginshiƙin bene. Wannan da shi ake ɗaure manyan rodi, ba shi ke ɗaukar kaya ba." Duk wannan bai kai awa biyu ba.

Na fasa. Bayan wata huɗu ana kai ruwa rana, da sa bakin manya, na karɓo 300,000. Sauran ta bi ruwa.

Kuma zan faɗi gaskiya ko da za ta rage wa hujjata ƙarfi: gidan nan bai faɗi ba, yana nan tsaye. Wani ya saya bayan na janye. Bara na bi ta layin, na ga an ɗaura wani ƙaton ginshiƙi a waje an tokare kusurwar, an kuma daina kwana a sama. Wato mutumin ya sayi bene yana zaune a gidan ƙasa, kuma duk daren da hadari ya haɗu Allah kaɗai ya san yadda yake kwana. Mutane suna ɗauka matsalar mugun gini ita ce rushewa kawai. Rushewa ita ce ke shiga labarai. Abin da ya fi yawa shi ne gidan da zai riƙa cin kuɗin fanshonka a hankali, yau liƙe tsaga, gobe canza tayil, jibi ɗaga ƙofa, kuma ranar da ka so sayarwa kowa a unguwa ya san labarinsa.

Yanzu mu zo kan shawarar ɗan'uwanmu na Amurka. Bai yi ƙarya ba, kuma da kyakkyawar niyya ya faɗa. A can mai duba gida sana'a ce sananniya. Suna da ƙungiya tun 1976, jihohi da yawa sai da lasisi ake yin aikin. Mai saye ne ke ɗaukarsa ya biya shi, ya yi awa biyu zuwa huɗu yana duba rufi, wayarin, famfo, na'urar ɗumama gida, ya rubuta rahoto. A Ingila ma akwai masu wannan aiki ƙarƙashin RICS, har mataki uku suke da shi, gwargwadon tsufan gida da zurfin binciken da kake so. Amma akwai abu biyu da ba a haɗo mana da su idan ana ba mu wannan shawara.

Na farko, mai duba gida a can abin da ido ke gani kawai yake dubawa. Ba ya fasa bango, ba ya tona ƙasa, ba ya lissafin nauyi. Da ya ga tsagar da ba ta kwanta masa ba, abin da zai rubuta shi ne a nemo injiniya. Shi kansa ya san iyakarsa. Kuma yana aiki ne a kan gidan da tun ana gina shi hukuma ta zo ta ga harsashi kafin a rufe, ta ga wayarin kafin a lulluɓe bango. A yawancin jihohinsu doka ta tilasta wa mai sayarwa ya rubuta aibin da ya sani, idan ya ɓoye a haɗu a kotu. Wato shi mai duban nan mataki na ƙarshe ne a doguwar matattakala. Mu kuma muna so mu ɗauko matakin ƙarshen mu kafa a iska.

Na biyu, kuma wannan ya fi muhimmanci a wajena, yawancin gidajen Amurka da katako ake yin ƙashinsu. Mutum zai iya hawa cikin rufi, ya shiga ƙarƙashin gida da tocila, ya ga katakon da idonsa, ya soka masa ƙarfe ya ji ko ya ruɓe. Mu namu bulo ne da kankare. Duk ha'incin da aka yi a ginin kankare, a cikin kankaren ake binne shi, a bi da filasta, a bi da fenti. Rodi nawa aka sa, wane kauri, an ba shi tazarar da ta dace ko an baje shi don ya isa, siminti buhu nawa ya shiga dakin, harsashi ƙafa nawa ya nutse, kan ƙasa mai ƙarfi ya zauna ko kan leda da tsumma. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ake gani da ido ranar ciniki. To me tsallen da aka yi mini a tsakiyar ɗaki zai nuna?

Mun san duba-gari tun zamanin iyayenmu, da kakinsa da ikonsa. Duba-gida kuwa, a yadda ake tallarsa yanzu, duk wanda ya sayi hular kwano ya buɗe shafi ya zama. Ban ce duka matasan nan macuta ba ne, wasunsu sun yi karatun gini kuma suna da ido. Amma ka tambaye shi, idan ya ce gida lafiya lau, bayan wata shida dakin ya lotsa, wa zai tuhume shi? Wace hukuma ce za ta karɓe masa lasisi? Injiniya kuwa yana da COREN a kansa, hukumar da doka ta kafa tun 1970, yana da lamba, yana da hatimi, kuma idan ya sa hannu a kan ƙarya akwai abin da zai rasa. Magina masu rajista su ma suna da CORBON. Ni abin da nake saye da kuɗina ke nan, sa hannun mutumin da yake da abin asara.

Sai maganar birkila. A nan nake so a fahimce ni da kyau, don mahaifin babban abokina magini ne, kuma na san abin da hannunsu ya iya. Ƙasar Hausa ba baƙuwar gwanintar gini ba ce. Muna da sarautar Sarkin Magina. Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19 da ƙasa da azara, har yau masana gine-gine na zuwa kallon bakan gizon da ya ɗaure. Amma ku lura, mutanen da ba kowa suke ba wa daurin guga ba. Akwai mai kwaɓa ƙasa, akwai mai jera tubali, akwai gwanin da ake kira idan za a ɗora soro a kan soro. Sun san aiki hawa-hawa ne. Mu ne muka zo muka mayar da duk wanda ya riƙe cokalin gini injiniya. Gogaggen birkila zai gaya maka bango ya miƙe ko ya karkace, bulon nan ya sha siminti ko yashi ne zalla, filasta za ta zauna ko za ta zubo. Wannan ilimi ne, kuma ina girmama shi. Amma tambaye shi nauyin da bim mai tsawon mita 5 zai ɗauka idan aka ɗora masa bango da tankin ruwa mai lita 2,000, wato tan biyu na ruwa kaɗai. Zai ce maka "haka muke yi". Haka muke yi ɗin nan tana aiki har ranar da aka zo wurin da ƙasarsa ba irin ta sauran ba ce.

Kuma a bar ma maganar ilimi, a zo maganar wa ya kawo shi. Wanda dillali ya kawo, na dillali ne. Dillali ba ya samun la'ada sai ciniki ya faɗa. A nawa cinikin kashi 5 ne, 700,000 ke nan. Mutumin da 700,000 ɗinsa ke rataye a kan in ce na saya, shi na bari ya zaɓo mini wanda zai gaya mini ko in saya. Idan na tuna wannan har yanzu kunya nake ji.

An ce injiniya tsada. Abokina bai karɓi komai ba sai kuɗin mai, amma na tambaye shi nawa zai caji baƙo a irin wannan aiki da rubutaccen rahoto, a lokacin ya ce kamar 60,000. Ku auna da la'adar da ba wanda ya taɓa cewa ta yi yawa. Muna biyan dillali, muna biyan mai unguwa da shaidu, muna yanka rago ranar tarewa, muna canza labule da kujeru don kar a raina mu. Kuɗin da zai gaya mana ko rufin zai zauna a kan 'ya'yanmu shi ne kaɗai muke ganin ɓarna. Mutum zai sayi mota ta hannu ta miliyan 4, ba zai biya ba sai bakanikensa ya zo ya buɗe inji, ya shiga ƙarƙashi, an sa mata kwamfuta. Gidan miliyan 30 kuwa, kallon fenti ya wadatar. Ma'aikacin da ake cire wa kashi 2.5 na albashinsa duk wata don asusun gidaje na ƙasa, idan Allah ya sa ya samu rancen, shekaru zai yi yana biya, wani har 30. Bashin ba ya tsagewa idan bango ya tsage, yana nan daram.

An kuma ce mini, Allah ne ke tsarewa. Haka ne, babu mai ja. Amma wanda ya faɗi haka a ofis, motarsa tana da makulli biyu da na'urar bibiya. Kuma tunda an kawo addini, duk wanda ya zauna gaban malam ya karanta babin ciniki a Risala ya san ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙi idan ya gano aibin da aka ɓoye masa. Wanda ya liƙe tsaga ya shafa fenti mako biyu kafin ya kira dillali ya san abin da yake yi. Sau nawa muka ji an yi wa'azi a kan wannan? Ana yi a kan mudu da sikeli, ban cika jin an yi a kan filasta ba.

Ga abin da muke gani a ƙasar nan. Ranar 1 ga Nuwamba 2021 bene mai hawa 21 ya rufto a titin Gerrard da ke Ikoyi a Legas, mutum fiye da 40 suka mutu, har da mai ginin. Daga baya jaridu suka buga wasiƙar da kamfanin injiniyoyin da ya fara aikin ya rubuta tun 2020 yana janye hannunsa. Wato an samu masu ilimin da suka yi magana, aka ci gaba ba tare da su ba. A watan Agustan 2022 bene ya faɗo a titin Beirut a nan Kano, cikin kasuwar waya, ana tsakar hada-hada. Ranar 12 ga Yulin 2024 makaranta ta rufta wa ɗalibai a Busa Buji da ke Jos, rai 22. Waɗannan su ne waɗanda kyamara ta je. Na cikin lunguna, da damina ke kayarwa a kan mutum uku ko huɗu, sai dai a yi jana'iza a ce ruwa ne ya yi yawa. Ruwan nan a kan gidan maƙwabci ma ya sauka, me ya sa nasa bai faɗi ba?

Ba sai mutum ya zama injiniya zai gane inda ake cin amanar ba. Kwaɓin kankare da aka saba da shi a ƙananan gidaje shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya, kwanon yashi huɗu, kwanon tsakuwa takwas. Tsaya a wajen da ake gina gidan sayarwa ka ƙirga da idonka. Kankare yana buƙatar a yi ta ba shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma sai ya kwana 28 yake kai ƙarfin da aka yi lissafi da shi. Mai ginin sayarwa yana sauri, kafinta yana son katakonsa ya kai wani aikin, sai a cire tokara tun kankare bai ƙosa ba. Rodi yana so kankare ya lulluɓe shi sosai. Idan aka bar shi dab da fata, danshi ya shiga, ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura ta fasa kankaren daga ciki. Shi ya sa idan ka ga jan layi kamar zanen rodi a ƙasan dakin, ko ɓawon kankare yana zubowa, ba maganar fenti ba ce. Sannan ƙasa. A Kano bala'inmu tsofaffin kududdufai da aka cike da shara. A sassan Gombe da Adamawa da Borno akwai baƙar ƙasar nan mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gida tana sauke shi duk shekara. Harsashin da ya yi daidai a wani wuri, a can ba zai yi ba.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba, kar kuma in sa mutane su kasa barci. Siririya kamar gashi, mai yawo a fuskar filasta, yawanci bushewa ce. Wadda ake tsoro ita ce mai tafiya a karkace daga kusurwar ƙofa ko taga, ko mai bin layin bulo hawa-hawa, ko wadda ta fi faɗi a gefe guda, ko wadda ka gani a ciki ka zagaya ka same ta a waje, ko wadda ke jikin ginshiƙi da bim. Idan ta haɗu da ƙofa mai cijewa da daɓe mai gangara, to gidan motsi yake.

To amma kar injiniyoyi su ji daɗi da yawa, su ma ina da magana da su. Da farko, ba kowane injiniya ba ne injiniyan gini. A ma'aikatarmu akwai wanda kowa ke kira Injiniya, kuma da gaske injiniya ne, amma na lantarki. An sha ɗaukarsa duba gida, shi kuma kunya ta hana shi cewa ba fanninsa ba ne. Likitan ido likita ne, amma ba shi ake kai wa mai naƙuda ba. Ka tambaya ƙarara: fanninka gine-gine ne? Mene ne lambarka ta COREN? Za ka ba ni rahoto a rubuce da hatimi? Wanda ya ji haushin waɗannan tambayoyi ya sauƙaƙa maka aiki. Na biyu, akwai masu sayar da hatimi, su buga a zanen da ba su karanta ba, ginin da ba su taɓa takawa ba. Waɗannan sun fi birkilan da ya yi tsalle laifi, don shi bai sani ba, su sun sani. Na uku, ku rage Turanci. Mutum ya biya ku don ya gane, ku gaya masa da Hausa: saya, kar ka saya, ko saya amma gyaran zai ci kaza, a rage a kuɗin.

Kuma shi ma injiniyan kirki ba ya gani har hanji. Idan ya yi shakka, kayan aiki zai nema. Akwai wata guduma ta musamman da ake harba wa kankare ta ba da kimar ƙarfin fuskarsa. Akwai na'urar da ake gogawa a ginshiƙi ta nuna inda rodi yake. Idan abin ya yi tsanani a yanko ɗan guntun kankare a kai ɗakin gwaji a matse shi. Mafi sauƙi kuma mafi arha, a tona rami a gefen bango a ga zurfin harsashi da irin ƙasar da ya zauna a kai. Lebura ɗaya, awa biyu. Mai gidan da ya ce ba za a tona masa gefen bango ba alhali ka yi alkawarin mayarwa, ya riga ya ba ka rahoton kyauta.

Ina ba wa masu duba gida da gogaggun magina haƙƙinsu a inda yake nasu. Injiniyan gini ba lallai ya kula cewa wayar da aka ja wa na'urar sanyaya ɗaki siririya ba ce, ko sokawe ya matse wa rijiya, ko gara ta cinye katakon rufi, ko kwano yana yoyo a kan silin. Waɗannan ma suna cin kuɗi, wayarin ma yana cin rai. Idan gidan ƙasa ne, a tsohuwar unguwa mai tsandauri, ya shekara 15 ba tsaga ba lotsawa, ni ba zan ce dole sai injiniya ba. Ka kai magini da mai wayarin da mai famfo waɗanda kai ka zaɓa, kai ka biya, ka je bayan an yi ruwan sama mai ƙarfi, ka gaisa da maƙwabta ka yi musu tambaya. Amma da zarar akwai bene, ko an ƙara hawa a kan tsohon gini, ko an fasa bango an faɗaɗa falo, ko sabuwar unguwa ce da ba ka san tarihin ƙasarta ba, ko gida ne da aka gina don sayarwa, ko ka ga sabon fenti a bango guda kawai, to a nan babu zaɓi tsakanin wannan da wancan. Injiniya ne farko, sauran su biyo baya. Takardu kuma aikin lauya ne da bincike a ofishin filaye, a Kano KANGIS, a Kaduna KADGIS, a Abuja AGIS. Ka kuma nemi zanen da hukumar tsara birni ta amince da shi, ka ba injiniyan ya gwada da abin da ke tsaye a ƙasa. Sau da yawa a nan ake ganin an amince da gidan ƙasa, an wayi gari da bene.

Mu ma'aikatan gwamnati kuma, mu ji kunya kaɗan. Tun 2006 ƙasar nan take da kundin ƙa'idojin gini. Ba takarda muka rasa ba. Fayil ɗin nan ta teburin irinmu yake bi, kuma mun san yadda wani lokaci ake sa hannu a rahoton ziyarar da ba a je ba. Ranar da muka tashi sayen gida da kuɗin giratuti, gidan da wani irinmu ya sa wa hannu daga ofis shi za a kai mu. Ban cire kaina ba, shekarata 19 a aiki, na san sau nawa na ce "ba komai, wuce da shi".

Yayan namu dai ya ji maganar rabi da rabi. Ya ce yaron Instagram zai zo tunda ya riga ya ba shi rabin kuɗi, na ce ya zo, ya duba wuta da ruwa da rufi, hotunansa za su yi amfani wajen neman ragi. Na ba shi lambar abokina injiniya, sun yi magana, an tsayar da Asabar da safe. Dillalin ya kira shi har sau uku jiya yana cewa akwai wani Alhaji daga Abuja da zai biya ranar Juma'a idan bai yi sauri ba. Na ce, Yallaɓai, ni ma a 2018 akwai wannan Alhajin, har yau bai iso ba. Mai gidan kuma har yanzu bai amsa maganar tona gefen bango ba. Mun dai ce wa leburan ya taho da diga da shebur.